Tukunyar Matar Mai Burodi

Neus Gispert ta riga ta ɗaga ludayin ƙarfe, tukunya na kife a bakin tagar kicin, sa'ad da muryar maƙwabciyarta ta sama ta tsinke. Daga bene na huɗu take gangarowa kamar kullum da hantsi, tana hawa tana sauka a kan "aaa" ɗin nan da ba kai ba gindi, sai ga shi a tsakiyar hawa ta kakare. Aka yi tari mai tsawo, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Daga nan aka yi tsit.

Neus ta tsaya da hannu a sama tana jira. Da ta ga shirun ya yi yawa sai ta maka wa tukunyar ludayi sau ɗaya, don kada a ce yau an tashi ba ta buga ba.

"An dai ji kunya," ta ce ta taga, da ƙarfi yadda zai kai sama. "Kazar da aka shaƙe ma ta fi wannan daɗin ji."

Ba a tanka ba. Abin da ya dame ta ke nan, domin Remei Casadevall ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

Gidan nasu na unguwar Sants irin tsofaffin nan ne, dogo siriri, sai matakala mai duhu. A tsakiyarsa akwai wani ɗan fili kamar rijiya, inda tagogin kicin da na ɗakunan kwana duk suke buɗewa. Ta nan ake shanya, ta nan ƙaurin girkin kowa ke bi, kuma ta nan matan nan biyu suka yi shekara talatin da ɗoriya suna yaƙi, ba tare da ɗaya ta taɓa taka ƙofar ɗaya ba. A Barcelona duk wanda gwamnati ta ɓata wa rai, baranda yake fita da tukunya ya yi ta bugu har maƙwabta su taya shi. Neus ba ruwanta da wannan. Gwamnatinta tana bene na huɗu, daidai saman kanta.

Remei 'yar mai sayar da busasshen kifi ce a kasuwar unguwa, a gidan nan aka haife ta. Tun tana yarinya aka gane muryarta a ƙungiyar mawaƙan coci, aka tura ta makarantar waƙa, daga nan ta faɗa opera, wasan kwaikwayon nan da komai da waƙa ake faɗarsa, har fitar rai. A can, masu siririyar murya su ne gimbiyoyi, su ake so, su ke mutuwa a hannun masoyi ana kuka. Masu irin muryar Remei, mai kauri, wadda ake ce wa mezzo, ba can sama ba kuma ba can ƙasa ba, rabonsu mayya, ko muguwar uwa, ko 'yar duba, in kuwa an rasa sai a sa musu wando a ce saurayi ne. Neus takan ce ba ta taɓa ganin aikin da ya dace da mai shi kamar wannan ba. Remei ta yi Milan, ta yi Vienna, ta yi Buenos Aires, ta auri maza biyu ta sallame su, ba ɗa ba jika. Kuma duk inda ta je sai ta dawo bene na huɗu da akwatunanta, ta buɗe taga da hantsi ta wasa makogwaro.

Mijin Neus, Melcior, mai gashin burodi ne. Dare yake aiki, da safe ya dawo da fulawa har a gira, ya kwanta. Bai fi ya soma minshari ba muryar za ta sauko ta tsaya masa a ka. Mutum ne da ko ƙuda ba ya so ya kora. Sau ɗaya ya hau, hula a hannu, ya roƙe ta ta mai da atisayen zuwa yamma. Daga bakin ƙofa ta sallame shi, ta ce murya ba ta san agogon mai burodi ba. Washegari ta aiko da ƙunshin audugar toshe kunne da tikiti biyu na wasanta. Neus ta cusa tikitin a murhu, ta ɗauko tukunyar da take dafa wake, yaƙi ya kankama. In tukunya ta gaza sai ta soya kifin sardin a bakin taga, hayaƙin ya hau ya sami makogwaron a gida.

Melcior ya yi shekaru yana barcin zomo har zuciyarsa ta tsaya wata rana yana ɗaure takalmi. Safiyar da za a binne shi, Neus na goge masa baƙar kwat, sai ga muryar ta sauko cif-cif a kan lokacinta, ba a rage ko kaɗan ba. Wannan safiyar ce Neus ba ta yafe ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta yafe ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gladis ce, 'yar ƙasar Ecuador da ke jinyar Remei tun da ƙafafu suka ƙi, mace mai jiki, da furfura a gaban goshi, kullum hannunta na warin man zafi.

"Senyora Neus, wai ki hau."

"Wa ya ce?"

"Ita."

"Ta sauko mana. Matakalar da ta hau da mutum ita ke sauko da shi."

"Haba, Senyora, kin san ko banɗaki sai na ɗauke ta. Likita ya zo jiya." Gladis ta yi ƙasa da murya. "Ya ce a daina wahalar da ita da asibiti."

Neus ta ji wani abu ya ɗarsu a ranta. Ba tausayi ba ne, ta bincika ta tabbatar. Son gani ne kawai, tana so ta ga ramin da kurar ke kwana. Ta kwance ƙyallen girkin da ta ɗaura, ta gyara gashi, don ba za ta shiga gidan matar nan kamar 'yar aiki ba.

Falon ya fi nata ƙanƙanta saboda tarkace. Fiyano ya cinye rabinsa. Bango kuwa ba masaka tsinke: Remei da takobi, Remei da farin gashin tsohuwa, Remei da wando da hular gashin jimina, Remei rungume da furanni har ba a ganin wuyanta. Ta ainihin tana cikin ɗaki, an jingina ta da filo, ta zama 'yar mitsitsiya, an naɗe mata wuya da jan gyale. Amma an shafa jan baki, an ja gira.

"Matar mai burodi," in ji Remei. Muryar magana ta dushe, sai dai izzar na nan daram. "Ashe gajeriya ce ke haka. Daga sama kin fi girma."

"Ke ma a hoto kin fi kyau. Me aka kira ni in yi?"

"Zauna."

"A tsaye ma ina ji."

Remei ta dube ta daga sama har ƙasa. "Bana ke ce shugabar 'yan gidan nan, ko? An ce zagayen ya zo kanki."

"In famfo ne ke yoyo, a rubuta a jefa a akwati."

"Ba famfo ba ne." Ta yi tari, Gladis ta miƙa mata ruwa, ta ture. "Kin taɓa zuwa jana'izar mawaƙi?"

"Ina jiran ta farko."

Gladis ta dafe ƙirji. Remei kuwa har da ɗan murmushi, kamar an ba ta abin da take marmari.

"To ki ji yadda ake yi. In an fito da akwatin mutumin dandali, ba shiru ake yi ba. Tafa masa ake yi, tun daga bakin ƙofa har mota ta sha kwana. Haka aka yi wa malamina, haka aka yi wa duk waɗanda na yi waƙa da su. Ni na tsaya na tafa musu ɗaya bayan ɗaya har hannuna ya yi ja. Yanzu na duba, duk masu tafa mini ni na raka su. Ɗan ƙanina da ke Girona ya riga ya shirya komai ta waya: mota ta zo, a ƙone, a ba shi toka. Ba coci, ba taro. Ya ce wa zai zo?"

"Yaron na da hankali."

"Ina so ki bi ƙofa-ƙofa ki gaya wa mutanen gidan nan. Su sauko bakin titi su tafa. Minti biyu. Ba wani abu na ce a ba ni ba."

Neus ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Su wa? 'Yan makarantar bene na ɗaya da ba su san sunanki ba? Ko baƙin bene na biyu masu jan akwati, da ke canzawa kowane mako? Kuma ni, ni Neus, in tsaya a titi ina tafa miki?" Ta matso bakin gadon. "Ranar da za a binne Melcior ina goge masa kwat kika buɗe wannan bakin."

"Ina da wasa a Vienna a makon."

"Abin da za ki ce ke nan?"

"Me kike so in ce? Murya in ka bar ta kwana ɗaya ta bar ka kwana uku. Mijinki ya riga ya mutu, barcinsa kuma ba mai katse shi."

Neus ta ji jini ya hau mata ka. Da ba don Gladis na tsaye ba, Allah kaɗai ya san abin da filon nan zai yi.

"Ko a bakin kabari ba ki da kunya."

"Ban taɓa samun lokacinta ba." Remei ta lumshe ido, ta buɗe. "To shi ke nan, bar tafin. Ki fito da tukunyar."

"Me?"

"Tukunyar taki. Shekara talatin kina bugu, ko sau ɗaya ba ki taɓa dacewa da kiɗa ba, amma dai ƙara ce. Ki fito baranda ki buga in za a fita da ni. An yi mini ihu a Italiya, an yi mini fito, wani dare har tumatir aka jefo. Ban damu ba, mai ihu ma saurare ya yi. Abu ɗaya ne ban taɓa iya jurewa ba, ki gama waƙa ki ji ɗaki ya yi shiru." Ta kama gefen bargo da yatsunta masu zobba. "Ba na so a fita da ni shiru, Neus. Tsoronsa nake ji."

Wannan ne karo na farko da ta kira ta da sunanta. Neus ta lura, kuma bai sanyaya mata rai ba ko kaɗan. Abin da ta ji daɗi ne, daɗi mai zafi, irin na wanda ya shekara yana laluben ƙofa a bango aka ɗauki hannunsa aka ɗora masa a kai. Ashe duk bugun nan abinci take kai wa matar. Ashe makamin na nan kusa ba ta sani ba.

"Shiru kike tsoro?"

"Na faɗa."

"To shi zan ba ki. Daga yau ko tari ba za ki ƙara ji daga bene na uku ba. Ranar da za a fita da ke kuwa, na rantse da kabarin Melcior, rufe tagata zan yi."

"Senyora Neus, ki ji tsoron Allah," in ji Gladis.

"Ita ta fara jin sa tukuna."

Tana sauka ta taka kujera, ta tura tukunyar can saman kabad, bayan tsohon injin niƙan da ya lalace. Ludayin ta jefa cikin durowa.

Washegari da hantsi muryar ta sauko. Ba murya ba ce kuma, wani abu ne kamar ana jan kujera a daɓe. Ta hau taki biyu uku, ta isa daidai wurin da tukunya ta saba shigowa, ta dakata. Neus na zaune a kicin da kofin kofi, hannunta na dama sai ƙaiƙayi yake, ta danne shi da na hagu. Muryar ta sake farowa daga ƙasa, ta sake tsayawa a wurin.

"Matar mai burodi!" aka kira daga sama. "Mutuwa kika yi?"

Neus ta kurɓi kofi.

"Gladis, leƙa ki gani, ƙila ta riga ni. Ai kuwa da na yi dariya."

Neus ta cije leɓe. Amsoshi uku ne suka zo mata baki, kowace ta fi 'yar'uwarta dafi, ta haɗiye su duka da kofin. Ba ta taɓa sanin shiru aiki ne mai gajiyarwa haka ba.

Haka aka yi ta yi. Kowace safiya muryar na raguwa, zagin ma na raguwa. Aka ce mata kurma, aka ce mata mai kunnen kwano, wata rana har aka taɓo Melcior, wai burodinsa ma ba gishiri. Ranar sai da Neus ta miƙe ta kama kujera za ta taka, sannan ta gane tarko ne, ta koma ta zauna tana huci. Ko sardin ta daina soyawa, don kada hayaƙi ya zama amsa. Dafaffen dankali take ci da man zaitun kamar mai jinya.

Ta haɗu da Gladis a matakala, tana hawa da ledar magani.

"Ba ta barci, Senyora. In gari ya waye sai ta ce in buɗe taga, ta kasa kunne. Sau ɗaya kawai, ko murfi ki yar a ƙasa."

"Ki saya mata auduga," in ji Neus, ta raɓa ta wuce.

Ta ji daɗin maganar har bakin kasuwa. A hanyar dawowa daɗin ya gushe, ya bar mata ɗaci a baki, ta ɗora laifin a kan kofin da ta sha a tsaye.

Sai wata safiya ba a yi waƙar ba sam. Neus ta zauna har kofi ya huce. Can bayan azahar ta ji sawun Gladis na kai da kawo a sama, ta ji ana magana a waya da muryar kuka, sannan aka buɗe famfo aka daɗe. Ba wanda ya zo ya gaya mata, ba ta kuma bukaci a gaya mata ba. Ta tashi ta rufe tagar kicin, ta sa sakata, kamar yadda ta rantse.

Motar ta zo da la'asar, fara, ba rubutu, kamar ta masu gyaran firji. Neus ba ta yi niyyar fita baranda ba. Shukokinta ne ke bukatar ruwa, kuma ba wanda zai hana mutum ba shukarsa ruwa a gidansa.

Titin na harkarsa. Mai kantin kayan marmari na jera lemo, yara sun taso daga makaranta, wani ya jingina babur yana latsa waya. A barandar da ke fuskantar tata, Cinto na zaune da singileti yana ba tsuntsunsa gero. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ɗan ƙungiyar ƙwadago tun ana ɗaure mutane a kan haka, kunne ɗaya ya mutu, amma ba a taɓa buga tukunya a Sants ba shi a ciki ba.

Maza biyu suka fito da ita a kan makara mai taya, cikin jaka mai ruwan toka, an ɗaure da bel. Ba akwati, ba fure. Jakar ba ta ko cika ba. Gladis na biye da su, hannu ɗaya riƙe da ƙofa, ɗaya da takardu, ta rasa ma hannun da za ta share hawaye. Wasu baƙi biyu da akwatunansu suka ja gefe suna jira a wuce su shiga, macen na duba taswira a waya.

Neus ta ce a ranta, to, ga shi nan. Ta jira daɗin ya zo.

Mai kantin ya ɗago kai. "Wa aka rasa?"

Ɗaya daga cikin masu makarar ya ɗaga kafaɗa. "Wata tsohuwa ce a bene na huɗu."

"Ayya," in ji mai kantin, ya koma kan lemonsa.

Wata tsohuwa. Neus ta ajiye butar ruwa. Matar da ta hana Melcior barci har ya shiga ƙasa, matar da ta sa ta cin dankali ba sardin, wadda ta cinye mata safiya ta shekara talatin, ita ce wata tsohuwa? To ita Neus da wa ta yi ta yaƙi ke nan, da iska? Wannan ɗan banza mai safar hannu ta roba bai san nauyin abin da yake turawa ba. Ba tausayi ba ne ya kama ta, wannan karon ma ta tabbatar. Fushi ne tsantsa, kamar an zage ta a gaban jama'a.

Ba ta san lokacin da ta taka kujerar ba. Injin niƙa ya faɗo ya tarwatse, ko ta kansa ba ta bi ba. Ta fizgo durowa har cokula suka zube, ta fito baranda ana ƙoƙarin tura makarar cikin mota.

Ta maka wa tukunyar ludayi da duk ƙarfin da ya rage mata.

"Remei Casadevall ce, jakai!" ta ƙwala. "Remei Casadevall! Mayya! Muguwa mara kunya!"

Ƙarar ta shanye maganar, ba wanda ya ji sunan. Masu makara suka daskare. Cinto ya miƙe zumbur har gero ya zube.

"Me suka yi kuma?" ya yi ihu daga can. "Neus! Me 'yan iskan suka yi?"

Ita dai bugu take. Shi ma bai jira amsa ba. In har Neus Gispert, da ba ta taɓa fitowa bugun tukunya don gwamnati ba, ta fito da tukunya da rana tsaka, to lallai abin ya kai. Ya faɗa ciki ya fito da kaskon suya da muciya. Matar da ke samansa ta leƙo, ta koma, ta fito da murafe biyu. 'Yan makarantar bene na ɗaya suka fito da kwanon taliya ko wankewa ba su yi ba. Kafin a ce me, baranda bayan baranda ta ɗauka, har can kwanar kantin magani.

"Na mene ne?" wata ta tambayi maƙwabciyarta.

"Oho! Wai haya."

"Ba haya ba ne, gwamnatin Madrid ce!"

"Duk ɗaya ne, buga kawai!"

Mai kanti ya kama sikelinsa yana dukan sa da wuƙa. Yara suka sami abin yi, suna dukan turakun fitila da gorunan ruwa. Mai babur ya danne oda. Karnuka suka ɗauka. Baƙin nan biyu suka ɗaga waya suna ɗaukar hoto, bakinsu har kunne. Mutane suka sauko titi don su ga inda za a dosa, suka cika hanya, motar ta rasa wurin wucewa sai da direba ya riƙa tafiya kamar mai bin amarya, yana leƙowa yana roƙo a matsa. Gladis ce kaɗai ta san abin da ake yi. Ta zubar da takardun a dandamali, ta tsaya a tsakiyar titi tana tafa hannu tana kuka, ba mai jin tafin nata.

Neus ta yi ta bugu har kafaɗarta ta ƙage, har gindin tukunyar ya lotsa. Tana bugu tana zagi, duk amsoshin da ta haɗiye a kwanakin nan ta amayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsaya ba sai da farar motar ta sha kwana.

Ƙarar ta ɗan jima bayan nan, sannan ta yi ta mutuwa baranda-baranda, kowa na duban ɗan'uwansa. Cinto ya jingina da ƙarfen barandarsa yana haki, fuskarsa fal annuri.

"Kai, an daɗe ba a yi mai daɗin wannan ba! To wai a kan me muka yi?"

Neus ta dubi tukunyar da ke hannunta. Sai a lokacin rantsuwar ta faɗo mata, da kabarin Melcior, da jan bakin nan yana murmushi a kan filo.

"Ta ci ni da yaƙi," ta ce. "Tsohuwar banza ta ci ni."

"Wa? Ɗaga murya, kunnen nan ba ya ji!"

Ta shige ciki ta ja ƙofar baranda. Ta tsugunna tana tsince cokula a ƙasa, tana kuka, tana jin haushin kukan.

Da safe ta je kasuwa ta sayo sardin, rabin kilo, masu ƙyalli. Ta zare sakatar tagar kicin ta buɗe, ta kife tukunyar a inda ta saba zama, don ba ta ga wani wurin da za ta ajiye ta ba, ga shi ba za ta ƙara dafa wake ba. Ta ɗora kasko, ta zuba mai, ba ta kunna wuta ba.

Hantsi ya yi. A bene na ɗaya wani ya kunna rediyo ya kashe. Gladis ta yi wankin ƙarshe kafin ta mai da makulli, ta shanya a igiyar bene na huɗu: zanen gado, rigar barci, da jan gyalen. Ba ta matse shi sosai ba. Ruwan na tsattsafowa daga bakinsa, yana sauka a gindin tukunyar, ɗis, ɗis, a cikin lotsawar.

Neus ta ja kujera ta zauna, ludayi a cinyarta, kifin na cikin takardarsa.